Ɗan Kafe Ba Kodinetanka Ba Ne

Makon da aka liƙa sakamakon 'yan aji ɗaya, wani dattijo ya zo ofishina da ɗansa. Daga wani ƙauye suke a bayan Kurfi. Da sassafe suka hau mota zuwa Dutsin-Ma, suka yi ta tambaya har aka nuna musu ƙofata, domin ni ne kodinetan ajin yaron, ko da yake shekara guda cur yana sashenmu bai taɓa taka ofishin ba. Dattijon ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, sai da na roƙe shi ya mayar. Ya zauna, ya ciro wata baƙar leda daga aljihun rigarsa, ya warware ta a hankali, ya shimfiɗa mini takardu a kan tebur.

"Malam, yaron nan ya ce mani wai an kada shi. Ni ban yi boko ba, amma na san ɗana. Shi ke zuwa na ɗaya a makarantarsu. Ka duba mani don Allah, ko kuskure aka yi."

Na ce, "To Baba, bari mu gani."

Takarda ta farko da na ɗauka ita ce fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Babu sa hannuna, babu na shugaban sashe, babu hatimi. Yaro ɗan sashen Maikrobayoloji ne, amma babu BIO 101 a fom ɗinsa, babu BIO 107, babu CHM 107. A maimakonsu akwai wasu kwasa-kwasai masu nauyi na 'yan Fiziks, waɗanda ba su da alaƙa da mu ko kusa. Na juya na zango na biyu, shi ma haka, har ya fi muni.

Na tambayi yaron ko ya shiga lakcar BIO. Ya ce ya shiga, ai 'yan ajinsu yake bi duk inda suka nufa. Ya rubuta jarrabawar? Ya rubuta. A zauren da aka cusa ɗaruruwan yara, ya sa lambarsa a takardar halarta ya zauna, ba wanda ya lura. Na buga wa malamin kwas ɗin waya a gabansu, ya buɗe takardunsa ya ce mini lambar nan B ta ci, amma ba ta cikin jerin waɗanda suka yi rajista, don haka makin yana nan a rataye. Su kuwa kwasa-kwasan 'yan Fiziks da bai ma san an rubuta masa ba, kowanne ya fito da F, aka lissafa masa su cif-cif. Abin da ya ci bai shiga ba, abin da bai sani ba ya shiga.

"Wa ya yi maka rajistar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Wani ne a kafe, Yallaɓai."

Uban ne ya warware mini sauran. Akwai wani mutum da ke "yi wa yaran ƙauye komai", tun daga JAMB. Da layin wayarsa aka karɓi lambar furofayil ɗin yaron. Imel ɗinsa aka sa. Shi ya karɓi gurbin a CAPS, shi ya fitar da lambar biyan kuɗi ta RRR, shi ke riƙe da lambar sirrin fotal har ranar da suke zaune a gabana. Yaron bai taɓa buɗe fotal ɗinsa da hannunsa ba, ko sau ɗaya. Dattijon ya sayar da waken suya da rago ya kai wa mutumin kuɗi dunƙule, ba rasidi, ba bayanin nawa ne na makaranta nawa ne ladan aiki. Kuma mutumin nan ne ya ce musu kada su yi gaggawa, ba a fara karatu na gaske sai an rantsar da sabbin ɗalibai. Sai yaro ya tsaya taya uban girbi. Ya iso makaranta zango ya kusa rabi, an riga an yi gwajin farko a MTH 101 da PHY 101 da CHM 101.

Na ce Baba ya kira mini mai kafen da wayarsa. Ya ɗauka da fara'a. Da na gaya masa ko ni wane ne da abin da na gani, ga amsar da ya ba ni: "Ai Malam, haka nake yi wa kowa, ba a taɓa samun matsala ba. 'Yan kimiyya ai duk kwas ɗinsu ɗaya ne a aji ɗaya." Ashe wani tsohon fom ne da shi a kwamfuta, shi yake kallo yana latsa wa duk wanda ya zo. Bai tsaya nan ba, ya ce a turo masa wani abu zai shiga ya gyara. Gyara me? An rufe ƙari da ragin kwas watanni da suka wuce, an yi jarrabawa, sakamako ya bi ta sashe ya bi ta tsangaya. Wannan mutum ko bai san haka ba, ko ya sani yana so ya ƙara tatsar tsoho. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da bai dace ba a gaban dattijo.

Yaron ya faɗa furobeshan. Na zaunar da shi ya rubuta takardar roƙo ta hannun shugaban sashe, na haɗa da shaidar malamin BIO, na gaya musu gaskiya cewa ban yi musu alkawarin komai ba, don ƙa'ida ba ta gefensu. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, kuɗin shekarar nan fa?" Na ce sun tafi, Baba. Ya naɗe takardunsa ya mayar cikin ledar, ya yi mini godiya. Godiyar nan ta fi komai ci mini rai.

Ga lissafin da na yi wa yaron a bayan takarda, kowa ya yi wa kansa. Ka ɗauka digirinka yunit 120 ne, 30 a kowace shekara. Ka gama aji ɗaya da CGPA 1.20, maki 36 ke nan a hannunka. Kana son fita da 3.50, kana bukatar 420. Saura 384 a yunit 90, wato 4.27 a kowane zango har shekara uku, ba tuntuɓe. Ban ma sa kari-oba a ciki ba, wanda zai ƙara maka yunit ya cinye maka gurbin kwasa-kwasan aji biyu. Masu cewa "aji ɗaya ai wasa ne, a aji uku ake dagewa" su ne za ka tarar a shekara ta shida suna bin ofis-ofis da fayil.

Saboda haka, kai da ka samu gurbi bana, ko nan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne, ko ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, ko ABU Zariya, ko Bayero:

Layin waya naka. Imel naka. Lambar sirri taka, ka canza ta kafin ka tashi daga kujerar kafe.

Kada ka latsa kwas ko ɗaya sai ka ga jerin sashenka na bana a hannun kodineta.

Fom ɗin da ba sa hannu ba hatimi takardar ƙosai ce.

Ranar da aka ce an buɗe makaranta, ranar ake komawa.

Ba na cewa duk masu kafe macuta ne. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin nan a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, shagunan kwamfuta suka yawaita, kuma akwai yara masu amana a cikinsu da za su ce maka "je ka tambayo sashenku tukuna". Amma aikin mai kafe intanet ne da firinta. Bai san cewa tsarin CCMAS da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya canza lambobin kwasa-kwasai da yunit ɗinsu ba. Bai san GST 111 da GST 112 sun maye gurbin tsofaffin da ke cikin fom ɗinsa ba. Bai san wane kwas ne sharaɗin wane ba. Mutumin da bai taɓa zama a taron tantance sakamako ba, shi ka miƙa wa shekararka, don kana jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofar malami. Wannan kunyar tana ba ni haushi ƙwarai. Yaranmu na ƙauye sun fi kowa ita. Za ka ga yaro ya zo bakin ofis ya leƙa ya koma, ya je ya tambayi wani ɗan aji biyu mai kari-oba huɗu. An ajiye kodineta ne don kai. Ka yi sallama ka shigo. In ka tarar ba ya nan ka dawo, in ya ɗaure fuska ka jure, sa hannunsa kake nema ba murmushinsa ba.

Batun layi kuma, mutane ba su ɗauke shi da girma ba. Tun 2021 JAMB ta ɗaure rajista da NIN, kuma layin da aka tura saƙon neman lambar furofayil da shi, shi ne naka a wurinsu. Ranar da za ka nemi canjin kwas, ko sake fitar da takardar gurbi, ko duba sunanka a jerin da ake tura wa NYSC, za ka koma neman wani mutum da wataƙila ya rufe shago ya koma Abuja. Duk wanda ya ce maka yana da hanya, zai samo maka gurbi ba ta CAPS ba, ɓarawo ne, ko da rawani ya zo. Tun 2017 ta nan ake bayar da gurbi. Ka duba sunanka ma: idan Muhammad ne a NIN, Mohammed a NECO, Muh'd a JAMB, ka gyara yanzu da sauƙinsa.

Da NELFUND ta fara karɓar masu neman lamunin karatu a 2024, sai ga sabuwar sana'a ta buɗe. "Kawo BVN da NIN in cike maka." Ka cike da kanka, a wayarka, lambar asusunka ka sa. Bashi ne da sunanka, kai za ka biya.

Karatun kansa fa. A sakandare malami ya san sunanka, ya san gidanku, in ba ka zo ba zai aiko. A nan za ka zauna a zaure da mutum ɗari biyar ko fiye, lasifika tana yankewa, wanda ke baya ba ya ganin allo. Ba mai nemanka. Ka zo da wuri ka zauna gaba, wannan kaɗai ya raba yara da yawa da F. Ka rubuta da hannunka ko da an ce za a turo a WhatsApp, ka koma kan abin da aka yi a daren ranar. Wanda ya tara sai makon jarrabawa ya je ya kwana a aji da shayi, ya yaudari kansa. Gwaji da aikin gida da furaktikal su ne maki 30 ko 40 da ake tarawa kafin a shiga jarrabawa. Wanda ya zubar da su yana neman 40 ne daga cikin 60 ko 70, a kwas ɗin da bai halarta ba. Kuma akwai dokar halartar kashi 75, wasu malamai suna aiki da ita ba sani ba sabo. Furaktikal mai yunit ɗaya da kuke rainawa, shi ma sai an ci shi ake ba da digiri.

Turanci shi ne ciwon da yawancin yaranmu ba sa faɗa. Yaro ya san lissafin, amma bai gane abin da tambayar ke nema ba. Ba abin kunya ba ne, abin magani ne: ka nemi tsofaffin tambayoyi ka karanta su da ƙarfi, ka shiga tutoriyal na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da na ƙungiyar sashenku, ka zauna da wanda ba ya jin Hausa ku yi karatu tare. In duk abokanka 'yan garinku ne, da Hausa za ku yi ta hira har ku gama, jarrabawa kuwa ba da ita ake yi ba.

Satar amsa kora ce. Waya a aljihu a zauren jarrabawa, ko a kashe take, ta isa.

Masauki: a nemi ɗakin kwanan makaranta tukuna. In bai samu ba, uba ko yaya ya zo da ƙafarsa ya ga gidan, ya ga unguwar, ya san mai gidan, kada a bar wa dillali. Ba mu manta da Oktoban 2023 ba, da aka shiga gidan haya a garin nan cikin dare aka tafi da ɗalibai mata biyar. Ɗaki mai araha a ƙarshen gari, inda babu maƙwabta sai gona, ba araha ba ne. Tafiyar dare a hanyoyinmu kuma, kowa ya san halin da ake ciki, a bari gari ya waye. A lissafa kuɗin mashin da na ruwa tun daga gida, don na ga yaran da ke fashin lakca a ƙarshen wata saboda kuɗin hawa ya ƙare.

Ku kuma iyaye, ban cire ku ba. Kuna iya bin dillali har gona ku auna ta da ƙafa kafin ku biya, amma kuɗin karatun ɗanku ku damƙa wa wanda ba ku san sunan mahaifinsa ba. Ku karɓi rasidin makaranta, ba na kafe ba. Idan yaro ya zo hutu kada ku tsaya a "ya karatu", lafiya lau zai ce. Ku ce ya kawo fom ɗin rajistarsa. Ko ba ku iya karanta shi ba, za ku gane hatimi da sa hannu biyu a ƙasa. Ku tambaye shi sunan kodinetansa. In ya fara sosa ƙeya, ku sa shi a mota ku taho tare tun ba a rufe ƙari da ragi ba.

Sannan ku tambaye shi layin da aka yi masa JAMB da shi yana wayar wa.