Darasi: Kafin a biya kuɗin gida

'Yan uwa mata, ga abin da nake gaya wa ƙungiyoyinmu daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Kada ku dogara da bakin dillali, la'adarsa yake nema.

Na farko, ku duba gidan a watan Agusta, tsakiyar damina. Rani yana ɓoye inda ruwa ke kwanciya. Na biyu, ku tambayi mai unguwa ko gidan gado ne. In na gado ne, sai duk magada sun yarda. Na uku, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu. In kuɗin adashinki na ciki, sunanki ya shiga, ko da ke da maigida kuka haɗa.

Ku tattauna: in babu takarda, me za ki nuna wa alƙali?