Darasi: Bayan Ruwa Ya Janye

Mu mutanen Gumbin Kure da ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama ba mu san teku ba, amma mun san abin da gulbi yake yi in ya tumbatsa. A daminar 2020 ruwa ya shiga gonaki da gidaje a ƙasar Jega, inda Gulbin Zamfara ya ratsa. Hukumomi sun ce shinkafar da ruwa ya cinye a Jihar Kebbi a wannan shekara ta kai kimanin hekta 450,000.

Kada mu yi saurin cewa hukunci ne. A Luka sura 13, Ubangijinmu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya kuma nuna cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Ranar da ruwa ya zo, kowa mai tausayi ne. Akan kai tabarmi da tufafi da hatsi. Wahala mai tsanani sai daga baya. Iri ya ruɓe tare da rumbu, rijiya ta gurɓace, katangar laka ta jiƙa tana jiran faɗuwa. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, da yawa sun yi noma da kuɗin aro, ruwa kuwa ba ya tafiya da bashi. Kafin lokacin noman rani da dashen albasa ya zo, masu jaje duk sun watse.

Wasu 'yan'uwanmu Katolika na bakin teku sun sha irin wannan. A Agusta 2005 guguwar Katrina ta auka wa birnin New Orleans a Amurka, ruwa ya rufe kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. A gabashinsa akwai ikkilisiyar Katolika 'yan asalin Biyetnam. Fadansu ya bi su sansani-sansani, ya san inda kowane gida yake. Da suka fara komowa, aka tara sunayen waɗanda suka dawo aka kai wa kamfanin lantarki, aka maido musu da wuta. Unguwarsu tana cikin waɗanda suka riga farfaɗowa. Ba masu dukiya ba ne, amma sun san junansu, sun kuma rubuta.

Mu duba kuma Ayyukan Manzanni sura 11. Da Agabus ya yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya ba su jira ta ci mutane ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Saboda haka muna roƙon kowane katekis ya riƙe littafin gidajen da gonakinsu suke cikin fadama, har da na maƙwabtanmu Musulmi, gama gulbi ɗaya muke sha. A bikin godiyar kaka, kada a sayar da hatsin baiko duka, ko da ginin majami'a yana jira. A ware buhunan iri, a ajiye su a kan tudu a hannun Zumuntar Mata, don a raba wa waɗanda ruwa ya ci kafin a fara noman rani.