DUWATSUN DA KE FAƊOWA DAGA SAMA: YADDA AKE GANE AKONDARAIT DA RABE-RABENSA

Lokaci-lokaci akan ga wuta ta keta sararin sama, a ji ƙara kamar ta aradu, sa'an nan a tsinci baƙon dutse a gona ko a daji. Waɗannan duwatsu ɓaraguzai ne na wasu duniyoyi, kuma Nijeriya ta sami rabonta daga cikinsu. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a irin da ya fi wuyar ganewa, watau akondarait, domin kada a yi asararsa saboda rashin sani.

Mene ne akondarait?

Cikin kowane ɗari na duwatsun da aka ga faɗowarsu, wajen 86 kondarait ne. In an fasa kondarait za a ga ƙananan ƙwayoyi masu kama da na gero, da ɗigo-ɗigon ƙarfe, shi ya sa maganaɗisu yake kama shi. Akondarait kuwa bai wuce 8 cikin ɗari ba, kuma ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Dalili shi ne, duniyar da ya fito daga cikinta ta taɓa narkewa. Kamar yadda maƙera ke narka tama ƙarfe ya rabu da kashinsa, haka ƙarfen wannan duniya ya nutse can tsakiya, dutse ya taso sama ya daskare. Daga wannan dutse na sama akondarait yake ɓallowa. Saboda haka galibinsa maganaɗisu ba ya kama shi sosai, kuma cikinsa ya yi kama da dutsen duniyar nan.

Abubuwan da ke ruɗa mutane

A Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna akwai abubuwa huɗu da akan ɗauka duwatsun sama ne. Na farko kashin maƙera, wanda mutanen da suka bari a inda suka narka tama. Shi yana da ƙofofi kamar soso. Na biyu marmara, wadda launinta ja ne har ciki. Na uku gatarin aradu, irin wanda aka tono a ramukan kuza na Nok. Wannan aikin hannun mutanen da ne, ba daga sama ya zo ba. Na huɗu baƙin dutsen aman wuta na ƙasar Jama'a da tsaunukan Jos. Shi ne ya fi ruɗarwa, gama wasu akondarait ma duwatsun aman wuta ne, sai dai a wata duniya suka daskare.

Alamar farko da za a duba ita ce fata. Zafin ketowa cikin iska yakan narka bayan dutsen, ya bar masa fata siririya kamar ɓawon ƙwai, galibi baƙa, alhali cikinsa toka-toka ne ko fari. Amma ido ba ya yanke hukunci. Masana sukan yanki ɗan ɓalli su goge shi har haske ya iya ratsa shi, su duba ma'adinansa da madubin ƙara girma, sa'an nan su auna sinadaransa, musamman yawan ƙarfe bisa manganis da irin oksijin da ke ciki.

Rabe-raben akondarait

Ma'adinai uku ne ginshiƙin rabon: firoksin, da filajiyokilas, da olibin.

1. 'Yan Besta. Besta wata ƙaramar duniya ce mai faɗin wajen kilomita 525, wadda kumbon Dawn na Amurka ya kewaya daga 2011 zuwa 2012. Iri uku ne ake danganta su da ita. Yukarait haɗin firoksin ne da filajiyokilas mai yawan kalsiyam, fatarsa baƙa wuluk mai sheƙi. Diyojinait kusan firoksin ne zalla, mai manyan ƙwayoyi. Hawadait kuwa gauraye ne na gutsattsarin biyun.

2. Obarait. Kusan dukkansa enstatait ne, watau firoksin mai yawan maganiziyam wanda babu ƙarfe a cikinsa sai kaɗan, shi ya sa cikinsa fari ne. Wanda ya faɗo a Mayo Belwa ta ƙasar Adamawa ran 3 ga Agusta 1974, mai nauyin kusan kilo 5, obarait ne.

3. Yurelait. Olibin ne da firoksin, da sinadarin gawayi a tsakaninsu, har da ƙurar lu'ulu'u. An tsinci irinsa a hamadar Sudan bayan faɗowar da aka yi a Oktoba 2008.

4. 'Yan wata. Mafi yawansu farin filajiyokilas ne ya rinjaya.

5. 'Yan duniyar Mars. A nan Nijeriya ta yi suna. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina, aka haƙo shi aka kai ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Firoksin ne ya fi yawa a cikinsa, filajiyokilas ɗinsa kuwa ya koma gilashi saboda tsananin bugun da ya cillo shi daga inda yake. Shekarunsa wajen miliyan 180 ne kawai, alhali kondarait ya haura miliyan 4,500. A 1995 masana suka nuna iskar da ta maƙale cikinsa ta yi daidai da iskar Mars wadda kumbon Viking ya auna a 1976.

Abin da ya wajaba ga wanda ya tsinta

Da an jefar da dutsen Zagami a bakin gona, da ba mai bambanta shi da sauran duwatsu bayan 'yan damina. Saboda haka duk wanda ya ga faɗowar dutse, lalle ne ya kiyaye waɗannan:

Kada a wanke shi, kada a shafa masa mai, kada a farfasa shi don neman zinariya ko magani, domin babu su a ciki.

A naɗe shi cikin leda mai tsabta, a ajiye inda babu laima.

A rubuta rana da lokaci da wurin da ya faɗo, da sunayen waɗanda suka gani.

A sanar da mai unguwa ko dagaci, sa'an nan a kai rahoto ga Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, wadda ke da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, ko ga sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Kada a yi garajen sayar wa ɗan kasuwa kafin masana su duba. Dutsen da ba a san sunansa ba, ba a san darajarsa ba.