Kafin a Zauna Rabon Gado

Idan aka share makoki, baƙi suka watse, aka kira malami ya raba gado, lissafin ba shi ne ke ba shi wahala ba. A ɗauka mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, dukiyar kuma naira miliyan 8 ce. Matar ta ɗauki tumuninta, miliyan 1. Sauran miliyan 7 a kasa bakwai, kowane namiji miliyan 2, macen miliyan 1. Kafin shayi ya huce an gama. Inda ake kwana shi ne wurin tabbatar da miliyan takwas ɗin. Wani ya ce gidan da ke bayan kasuwa marigayi ya ba shi tun yana raye. Uwargida ta ce shanun da ke ruga da kuɗin sadakinta aka fara su. Ƙanin mamaci ya ce rabin jarin shago nasa ne. Kowa na iya zama mai gaskiya, wanda zai raba gardama kuwa yana kabari. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa kowane magaji kasonsa, amma sanin abin da mutum ya mallaka, da abin da ake bin sa, da abin da aka ba shi ajiya, wannan aiki an bar wa mai dukiya ne, kuma yawancin rigimar gado daga sakaci da shi take tasowa.

Malaman fiƙihu sun jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci: kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. Bashi ya riga magada, ga shi kuwa kasuwancinmu a kan bashi yake tafiya. Ka dubi ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Dilolin atamfa da shadda da ke jibge a shagonsa, wasu na kamfani ne da zai biya bayan ya sayar, wasu na maƙwabci ne da ya rasa wurin ajiya. Ya kuma ba 'yan sari daga Maraɗi da Agadas kaya sai sun dawo. Duk wannan yana cikin kansa, ko a bayan kwalin da yaron shago zai share gobe. Ran da ya faɗi, masu bin sa za su zo tun kafin sadakar uku, waɗanda yake bi kuwa sai mai tsoron Allah a cikinsu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce rubutu al'adar Nasara ce, ya koma ya karanta ta.

Akwai masu cewa Musulmi ba shi da bukatar wasiyya tunda shari'a ta gama rabo, wasu ma suna ganin rubuta ta kiran ajali ne. Na biyun ba ya bukatar doguwar amsa, don babu wanda takarda ta taɓa kashewa. Na farkon kuwa ya manta cewa shari'ar ce da kanta ta bar wa mutum sulusin dukiyarsa ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Wa ke cin moriyar wannan sulusi? Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, waɗanda baffanninsu ke katange su daga gado. Agolan da ya tashi a gidan yana yi wa mijin uwarsa hidima. Yaron shagon da ya shekara ashirin ba a sallame shi ba. Makarantar allo ko rijiyar unguwa. Idan ba a faɗa ba, ba a rubuta ba, waɗannan sai abin da magada suka ga dama. Haka kyauta. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Uban da ya ce "gidan nan na Hajiya ne" amma ya ci gaba da karɓar hayarsa har ya mutu, ya bar wa Hajiya shari'a ne.

Sai dai a kula da hannun da za a ba rubutun. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasiyyar da Musulmi ya yi a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 tana nan daram ko da ta saɓa wa rabon Musulunci. Wasu jihohi sun yi nasu dokokin daga baya don toshe wannan ƙofa, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Saboda haka Musulmi ya haɗa malami da lauya, takardar ta faɗa a fili cewa bisa shari'ar Musulunci za a raba. Wanda ba Musulmi ba ya fi kowa bukatar wasiyya, don in babu ita, irin auren da ya yi da al'adar garinsu su za su yanke wa iyalinsa hukunci.

Wani kuskure da ya yi katutu shi ne na gurbin da ke fom ɗin banki ko na wurin aiki, inda ake rubuta ɗan'uwa mafi kusa. Mutane na fassara shi da "magaji", har wanda aka rubuta ya ɗauka kuɗin nasa ne. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu mai ba da izinin gudanar da dukiyar, wadda galibi sashen gado na Babbar Kotun jiha ke bayarwa, kuma haka kamfanonin fansho ke nema. Iyalan ma'aikata da yawa ba su san dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Asusun da iyali ba su san da shi ba kuwa, idan ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ana mayar da kuɗin Babban Banki. Ana iya karɓowa, amma sai wanda ya san akwai su.

Kasuwanci shi ya fi saurin mutuwa tare da mai shi. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar CAC, a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne. Kamfani kuwa yana da rayuwarsa daban, hannun jarin ake gada, aiki ya ci gaba. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, kamfaninsa bai bi shi ba, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa, mutum ɗaya na iya kafa kamfaninsa. Idan jarin na haɗin gwiwa ne, za a ce, ai mu 'yan'uwa ne, ciki ɗaya, kawo takarda tsakaninmu zubar da zumunci ne. Gaskiya ne wa da ƙani na iya shekara talatin suna cin kasuwa ba wanda ya ji kansu. Amma amanar tasu ce su biyu, ba a gadonta. 'Ya'yansu, da 'yan uba a ciki, ba su ga ranar da aka haɗa jarin ba. Jinkirta rabo da sunan riƙe gida ma yakan ƙara dagula lissafi, don idan magaji ya mutu kafin a raba, kasonsa ya koma ga nasa magadan, gidan mutum biyar ya zama na mutum arba'in, ba mai iya gyara shi, ba mai iya sayarwa.

Hujjar ƙin rubutawa da ta fi nauyi ita ce tsoron haraji, kuma tana da tushe. Kakanninmu sun sha haraji da jangali har gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su a 1979, sun kuma san ushira, kashi ɗaya cikin goma da ake cira idan alƙali ya raba gado. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma Nijeriya ba ta da harajin gado a yau. An taɓa kafa shi a 1979, aka soke a 1996. Abin da ake biya shi ne kuɗin kotu wurin karɓar takardar izini, kowace jiha da ƙa'idarta. Harajin da mamaci bai biya ba kuwa bashi ne a kan dukiyar, haka kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ke kan fili mai takardar mallaka, wanda yakan taru shiru sai ranar da magada suka je neman amincewar gwamna don su sayar, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Ɓoyewar ba ta kashe bashin, marayu take tura wa.

Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, masu aiki daga 1 ga Janairun 2026, sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Tun 2020 ƙaramin kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba, sabuwar dokar kuma ta ɗaga wannan iyaka. Sai dai yafewar ba ta ɗauke wajibcin kai bayanin shekara ba, kuma ƙanƙantar ciniki da littafi ake tabbatar da ita. Wanda ba shi da littafi, jami'i ya ƙiyasta masa yadda ya ga dama. Harajin mutum na hukumar jiharsa ne, na kamfani na tarayya ne, wannan ma dalili ne na raba aljihun gida da asusun shago.

Littafin da ake magana ba sai mai tsada ba. Na ɗan makaranta ya isa, da boko ko da ajami: filaye da inda takardunsu suke, bankuna, masu bi da waɗanda ake bi, kayan ajiya, abin da yake na matan gida, da kyautar da aka riga aka damƙa. Shaidu biyu adilai waɗanda ba magada ba su sa hannu, a ajiye kwafi wurin wanda ba ya cikin rabon, a riƙa sabunta shi duk shekara lokacin da ake ƙirga dukiya don fitar da zakka.