Kukan Kuje Kan Asibiti: Me Za A Nema, Kuma A Wace Ƙofa?

Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, kimanin kilomita 40 kudu maso yamma da tsakiyar Abuja. A ƙidayar shekarar 2006 an samu mutum 97,367 a cikinta. Duk wanda ya san garin a wancan lokaci, ya kuma sake shigarsa yau, ya san wannan adadi ya zama tarihi. Tsadar haya ta koro ƙananan ma'aikata daga cikin birni, rusau ya taso wasu, rashin tsaro ya kawo wasu daga jihohinsu, duk suka zo suka tarar da Gade da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani da ke zaune tun da can. Gonakin da aka sani jiya sun zama unguwanni. Jama'a ta ninka, ciwo da haihuwa suka ninka tare da ita.

Shi ya sa maganar asibiti ba ta barin bakin mutanen wannan yanki. A majalisar dattijan unguwa, a tasha, a taron suna, kukan ɗaya ne: a ba su asibiti na gaske. Baƙo zai iya mamaki ya ce ai akwai Babban Asibitin Kuje, akwai kuma wani a Rubochi, ga ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a gundumomi. Gaskiya ne, suna nan. Amma idan aka zauna da masu kukan aka saurare su da kyau, za a ji abin da suke gudu shi ne a kai mara lafiya cikin dare a ce musu "ku wuce Gwagwalada", wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, ko kuwa su nufi Asibitin Ƙasa da ke cikin birni. Tura mara lafiya gaba ba laifi ba ne a aikin likita, domin akwai cutar da sai ƙwararru. Abin da ke ƙona rai shi ne a tura mutum gaba saboda abin da ya kamata a ce ana iya yi masa a garinsu.

Kafin jama'a su ɗaga murya, wajibi ne su san wa ke riƙe da me, don koke da yawa sun mutu ne saboda an kai su ofishin da ba nasu ba. Asibitocin gwamnati a Najeriya hawa uku ne. Na ƙasa su ne na sha-ka-tafi, inda ake awon ciki, da rigakafin yara, da maganin zazzaɓi, da haihuwar da ba ta zo da gardama ba. Waɗannan suna hannun ƙaramar hukuma, tare da hukumar lafiya a matakin farko ta Birnin Tarayya. Na tsakiya su ne manyan asibitoci irin na Kuje da Rubochi da Kwali da Abaji, kuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Birnin Tarayya, wadda ke amsa wa Ministan Birnin Tarayya. Na sama su ne na koyarwa, irin na Gwagwalada da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Saboda haka wanda ya je ya tsare ciyaman yana neman ƙarin likitoci a babban asibiti ya ɓata takalminsa, iyakar abin da ciyaman zai yi shi ne ya taya shi roƙo. Amma in ungozoma ce babu a Gaube ko Kwaku, ko rufin ɗakin shan magani ya yaye a Gudun Karya, to nan kam ciyaman da kansila ba su da wurin ɓuya.

Akwai wani abu kuma da ya bambanta ɗan Kuje da ɗan Kano ko Katsina. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976, wannan yanki bai taɓa samun gwamna ko majalisar dokoki ta jiha ba. Tsarin Mulkin 1999 ya miƙa waɗannan ayyuka ga Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya. Shugaban Ƙasa ke naɗa Minista, Majalisar Tarayya ke zartar da kasafin kuɗin birnin. A cikin wannan majalisa sanata ɗaya tak ke wakiltar yankin, sai 'yan majalisar wakilai biyu, kuma kujerar da Kuje ke ciki tana haɗe da Abaji da Gwagwalada da Kwali. Ma'ana, kusan duk waɗanda ke yanke kuɗin asibitin Kuje ba su taɓa neman ƙuri'ar mutumin Kuje ba, ba kuma za su nema ba. Wanda ke cikin irin wannan hali sai ya fi kowa iya rubuta takarda da bin sawunta.

To, mene ne asibiti na gaske? Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a auna shi da mace mai naƙuda da aka kawo da ƙarfe biyun dare. Likitoci sun ce jinin da ke ɓalle wa mace bayan haihuwa yana iya kashe ta cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a duniya. Masu binciken wannan al'amari sun daɗe da gano jinkiri iri uku da ke cin matan. Akwai na gida, lokacin da ake jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko ana gwada rubutu da jiƙo tukuna. Akwai na hanya. Akwai kuma na cikin asibitin kansa, inda aka iso da rai amma ba a samu mai taimako ba.

A ɗauki matar da ke wani ƙauye bayan Rubochi ko Kabi a tsakiyar damina. Kafin a samu babur ko a-kori-kura, kafin a ratsa laka da rafi a hau kwalta, rabin awa biyun nan ya tafi. Idan ta iso aka ce babu jini a ajiye, ko likitan tiyata yana nan amma mai sa barci ba ya kwana a garin, ko an ɗauke wuta kuma janareto ba mai, sai a sake ɗora ta a mota. Wadda Allah ya yi wa sauran kwana, ta sha doguwar naƙuda ta rayu, sau da yawa da yoyon fitsari take tashi, cutar da ta cika gadajen asibitin Babbar Ruga a Katsina shekara da shekaru. Saboda haka idan an ce asibiti na gaske, ana nufin wurin da ake iya yi wa mace tiyata a ciro jariri a kowace sa'a ta dare da rana, da jini a firji, da iskar oksijin, da ruwa a famfo, da allurar jijjiga, da motar ɗaukar marasa lafiya mai direba da mai a tanki. Asibitin da ya iya wannan zai iya da wanda mota ta kaɗe a hanyar filin jirgi, zai iya da yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini.

A ƙara da maganin dafin maciji. Kuje ƙasar noma ce, doyarta da masararta da kayan miyanta suna ciyar da Abuja, kuma manomin da maciji ya sara a gona ba shi da lokacin zagaya kantunan magani.

Nan ne masu fafutuka suka fi yin tuntuɓe. Sukan ce asibiti kawai suke so, ɗan siyasa kuwa babu abin da ya fi masa daɗi kamar wannan kalma, domin gini ana ganinsa, ana ba da kwangilarsa, ana kiran 'yan jarida ranar buɗe shi. Albashin nas ba ya fitowa a hoto. Abin da ya faru a 2025 ya isa darasi. A wannan shekara likitocin da ke neman ƙwarewa a asibitocin Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki fiye da sau ɗaya, suna kukan bashin albashi da alawus, da ƙarancin ma'aikata, da lalacewar kayan aiki. A shekarar dai ma'aikatan ƙananan hukumomin shida, har da na asibitocin sha-ka-tafi, sun ajiye aiki na tsawon watanni kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Gine-ginen suna tsaye duk tsawon lokacin, ba wanda ya warke da ganinsu. Ga shi kuma Ingila da Saudiyya da Amurka suna ta kwashe likitoci da nas-nas na ƙasar nan. Wanda ya rage, in an turo shi Kuje ba a ba shi gida kusa da asibiti ba, a cikin birni zai zauna ya riƙa zuwa da safe yana komawa da yamma, dare kuwa sai abin da hali ya yi. Don haka takardar koken da ba ta ambaci yawan ma'aikata da gidajen kwanansu ba, ba ta cika ba.

Ya kamata jama'a su sani kuma ba alfarma suke roƙo ba. A watan Afrilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kai wa nan ba, yawanci tana yawo ne a kusa da kashi 5. Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ita ce kuma ta kafa asusu na musamman da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, wanda ake tura wani ɓangarensa kai tsaye zuwa asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa a gundumomi, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare. Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi ganin takardu, ta kuma ɗora wa ofishin amsawa cikin kwana bakwai. Ba kullum suke amsawa ba, amma shirun ma hujja ce da za a iya kai wa gaba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ofis ba ya aiki da labarin baka. Abin da ya fi ƙarfi a hannun al'umma shi ne littafi. Ƙaramar hukumar Kuje gundumomi goma ne, kuma a tsari kowace tana da kwamitin raya gunduma da ke sa ido kan asibitinta. Idan kowane kwamiti ya riƙa rubuta ranar da aka tura mara lafiya gaba, da dalilin turawar, da abin da ya biyo baya, ba tare da tona sunan kowa ba, cikin wata shida za a tara abin da babu jami'in da zai musa. Daga nan sai a fitar da buƙatu kaɗan, bayyanannu, masu iya ƙirguwa: likitoci nawa, ungozoma nawa, gado nawa, wace hanya. A kai takardar ofishin Sakataren Lafiya na Birnin Tarayya, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafi a dawo da shi, a aika wani kwafin ga sanata da ɗan majalisar wakilai. Lokaci ma yana da muhimmanci. Koken da ya isa bayan an zartar da kasafi sai ya jira baɗi. In kuwa aikin ya shiga kasafi, sai a bi shi har wurin ɗan kwangila, kuma ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka da ke taya al'ummomi irin wannan bibiya.

Tafiyar ba za ta yi nisa ba sai da fadar Mai Martaba Gomo na Kuje da sauran sarakuna da dagatai, da limamai da fastoci, da matan kasuwa, da direbobin tasha waɗanda su ne ke jigilar marasa lafiyar cikin dare, suka kuma fi kowa sanin inda hanya ta mutu. Abu biyu ke saurin rusa irin wannan haɗin kai. Na farko shi ne a bar wata jam'iyya ta ɗauke maganar ta mai da ita tutar zaɓe, daga ranar ɗaya ɓangaren zai janye. Na biyu, wanda ya fi muni a garuruwan Abuja, shi ne a shigo da zancen ɗan ƙasa da baƙo. A layin karɓar kati babu wanda ake tambaya garin kakansa.

Akwai kuma nauyin da ke kan jama'a su kansu, wanda ba Minista ne zai sauke musu ba. Gwamnati tana iya sayen firjin jini, amma jinin daga jikin mutane yake fitowa, kuma har yanzu da yawa ba sa bayarwa sai ɗan'uwansu ne a kwance. Samari masu lafiya su je a gwada su, a san rukunin jininsu, a rubuta lambobinsu a unguwa. Magidanta su ba iyalinsu izini tun ciki yana ƙarami, cewa duk sa'ar da naƙuda ta zo a wuce asibiti ko suna gida ko ba sa nan, su kuma yi rajista da shirin inshorar lafiya na Birnin Tarayya. Zagin nas ɗin da ta kwana ita kaɗai a kan ɗaki guda ba ya ƙara ma'aikata, sai dai ya sa ta nemi canjin wurin aiki.

Mai karatu da ke zaune a Kuje, ko Chibiri, ko Gwargwada, ko Yenche, ya tambayi mai unguwarsa ko kansilansa ranar da kwamitin gunduma ke zama, ya halarta. In ya je, ya nemi a faɗa wa jama'a nawa ne ya shigo asusun asibitinsu a bana, da abin da aka saya da shi. In an ce kwamitin ba ya zama, to ya nemi a kira taron kafa shi a wannan wata.