Darasin Kimiyya: Ramin Kwal, Lasisi da Farfaɗo da Ƙasa

Kwal baƙin dutse ne mai cin wuta. Asalinsa tsirrai ne da suka mutu a fadamu miliyoyin shekaru da suka shuɗe, laka da yashi suka binne su, nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa suka matse su har suka taurare. Ya bambanta da gawayi, wanda ake samu daga itace cikin 'yan kwanaki. A Najeriya an gano shi a Udi, kusa da Inugu, a 1909. A Arewa kuwa akwai mahaƙar Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka ke haƙo shi don hura wutar masana'antarsa.

Kwal ɗin Maiganga yana kusa da sama, saboda haka yaye ƙasa ake yi a tarar da shi. Abin da ake fara kwashewa shi ne ƙasar sama, wadda ke ɗauke da taki da iri da ƙananan halittu masu ciyar da shuka. Takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin kaurin ɗan yatsa nata ya samu. Idan aka cakuɗa ta da tsakuwar ƙasa, gona ta tafi ke nan.

Sai mu tsaya a kan ruwa, domin nan ne babbar ɓarnar take. Tare da kwal sau da yawa akan sami wani ma'adini mai suna farait, haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, iska ba ta kai gare shi, ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi, iskar oksijin da ruwan sama suka same shi, sai su haɗu su haifar da asid mai ƙarfi. Asid ɗin ya narkar da ƙarafan da ke cikin duwatsu, ya gangara da su rafi. Ruwa ya koma launin tsatsa, kifi su mutu, dabba ta ƙi sha. Wannan na iya ci gaba shekaru masu yawa bayan an rufe mahaƙar, masu haƙar sun kwashe kayansu sun tafi.

Farfaɗo da ƙasa na nufin a gyara wurin har ya sake amfanuwa. Ana binne duwatsu masu farait can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, a zuba garin farar ƙasa ya kashe kaifin asid, a cike ramin a baje shi, sannan a shimfiɗa ƙasar saman da aka tara gefe, a shuka ciyawa da itatuwa.

To wa zai tilasta wa kamfani wannan aiki mai tsada da ba ya kawo masa riba? Amsar tana cikin lasisi. A Amurka, dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1977 ta bai wa jihohi irin Pennsylvania damar lura da mahaƙansu. Wa'adin lasisi shekara 5 ne. Kafin a fara haƙa, kamfani zai ajiye kuɗin jingina da za su isa gyaran wurin ko da ya gudu. Kashi-kashi ake mayar masa: har kashi 60 cikin 100 bayan ya cike rami, na ƙarshe kuwa sai shuka ta kama ta yi shekara 5, ko 10 a yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Idan lokacin sabuntawa ya zo, ana buga sanarwa a jarida, mai ƙorafi ya kai wa hukuma.

A Najeriya ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya. Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli, da shirin gyaran wuri, da zuba kuɗi a asusun farfaɗo da ƙasa. Sai dai lasisin babbar haƙa shekara 25 yake yi, a sabunta shi duk bayan shekara 24. A ganina tazarar ta yi yawa. Yarinyar da aka haifa ranar ba da lasisi ta riga ta yi aure ta haihu kafin kamfani ya dawo neman sabuntawa. Don haka nauyin ya koma kan jami'an sa ido na ma'aikatar ma'adinai, su riƙa zuwa suna auna asid a rijiyoyi da rafukan ƙauyukan da ke kewaye, damina da rani, su kuma karanta wa mutanen gari sakamakon a gaban dagacinsu.