Me ya kai farantin sola cikin ɗaki?

Tambaya: Na ji an ce akwai farantin sola mai ba da wuta da ruwan zafi lokaci guda, kuma wai a cikin ɗaki ake gwada shi. Abin da rana ce abincinsa, me zai yi a ɗaki? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. Farantin da muka sani, kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki, akasarin sauran zafi yake zama. Taɓa shi da azahar ka sha labari. Zafin kuma cutarsa yake yi: duk digiri ɗaya da ya hau kan 25, wutar takan ragu da kimanin kashi 0.4 cikin 100. Shi ne aka shimfiɗa bututu a bayansa, ruwa na zagayawa yana kwashe zafin. Faranti ya huce, kai kuma ka samu na wanka.

To, rana ba ta da alkawari. Yanzu ta take, an jima gajimare ya gifta ko iska ta taso. In aka gwada na wannan kamfani yau, na wancan gobe, an zalunci wani. Don haka cibiyoyi irin su Fraunhofer ISE da ke Freiburg a Jamus suka haɗa ranarsu ta fitilu, mai zuba haske har wat 1000 a kan kowane murabba'in mita, ko da dare ne, ko tsakiyar hunturu.

Farantin wuta zalla ba ya ba da wahala. Walƙiya guda ake haska masa, kafin ƙiftawar ido an karanta ƙarfinsa. Mai aiki biyun nan sai an yi haƙuri da shi. Ana barin fitilun a kunne, famfo na tura ruwa daidai gwargwado, fankoki na hura iska, har ma'aunin zafin da ke mashigar ruwa da na mafitarsa su daina motsi. Bambancin da ke tsakaninsu da yawan ruwan da ya wuce su ke nuna zafin da aka samu. Ƙa'idar ISO 9806 ake bi.

Abin da ya fi burge ni, su kansu fitilun zafi suke fitarwa, alhali sararin sama sanyi gare shi. Sai a gitta gilasai biyu tsakaninsu da farantin, iska mai sanyi na ratsa tsakiya, a matsayin sama ke nan.

Dole kuma a riƙa jan wutar ana cikin gwajin. In ba a ja ba, rabonta zafi zai koma, sakamako ya yi ƙari.

Sai dai ɗakin gwaji babu ƙurar hunturu. A Gusau, goge farantin yana wuyanka.